Gani Ya Kori Ji: Tarihin Zana Alƙaluman Ci Gaban Ƙasashe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin ƙididdiga na wata gwamnati ya san wuyar karanta shi. Shafi bayan shafi ba abin da mutum zai gani sai alƙaluma jere cikin gidajen jadawali, kafin ya kai ƙarshen shafi ya manta abin da ya baro a farkonsa. Alhali kuwa a cikin waɗannan alƙaluma ne labarin rayuwar jama'a yake, watau yara nawa aka haifa, nawa suka rasu tun ba su yi wayo ba, nawa suka shiga makaranta, nawa ne kuma rabon kowane mutum in da za a raba arzikin ƙasa daidai wa daida. A yau mai kwamfuta ko wayar hannu yana iya buɗe wata manhaja ya zaɓi ƙasar da yake so, ya danna maɓalli, sai ya ga tarihinta na shekara 200 yana tafiya a gaban idonsa cikin minti guda.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka taso daga jadawali zuwa zanen takarda, daga nan kuma zuwa zane mai motsi wanda mai kallo yake sarrafawa da kansa. Za mu ga cewa kusan duk wanda ya ƙago sabuwar hanyar zana alƙaluma ya yi ne domin yana da wata magana da masu mulki ko jama'a suka ƙi ji, sai ya nemi ya nuna musu da ido. Daga ƙarshe za mu duba iyakar wannan fasaha, domin zane ba ya fin ƙidayar da aka gina shi a kanta inganci. Tarihin ƙidaya a Nijeriya zai zame mana misali a kan haka.

2.0 Zamanin Jadawali

Tun zamanin da sarakuna suke ƙidayar talakawansu, amma haraji da yaƙi ne suke sa su yin haka. Tattara alƙaluma a kai a kai domin sanin halin da ƙasa take ciki abu ne da ya kankama a Turai cikin ƙarni na 17 da na 18. A shekarar 1662 wani ɗan kasuwa na birnin Landan mai suna John Graunt ya tattara takardun mako-mako da ake rubuta mutuwar mutanen birnin, ya fitar da yawan masu mutuwa da irin cututtukan da suke kashe su. Ita kanta kalmar da Turawa suke kiran ilmin ƙididdiga da ita daga kalmarsu ta "daula" ta samo asali, kuma wani malami Bajamushe, Gottfried Achenwall, shi ya yayata ta wajen 1749 da ma'anar sanin al'amuran daula.

A wannan shekara ta 1749 ne kuma ƙasar Suwidin ta kafa ofishin jadawalin jama'a. Da ma limaman coci-coci na ƙasar suna rubuta haihuwa da aure da mutuwa, sai aka umarce su da su riƙa tattara su cikin jadawali suna aikawa babban birni. Da sakamako ya fito, sai masu mulki suka tarar jama'arsu ba ta kai yadda suke zato ba, ga kuma yara suna mutuwa da yawa. Saboda wannan aiki ne Suwidin take cikin ƙasashen da suka fi kowa doguwar ƙididdigar jama'a wadda ba ta yanke ba. Sai dai a wancan lokaci alƙaluma kayan gwamnati ne, ana adana su a ofis, masu iya karanta su kuwa 'yan ƙalilan ne.

3.0 Daga Jadawali Zuwa Zane

Mutumin da ake jingina wa ƙago zanen alƙaluma irin na zamani shi ne William Playfair, injiniya ɗan ƙasar Sikotilan (1759 zuwa 1823). A 1786 ya buga wani littafi mai ɗauke da zane fiye da 40 a kan cinikin Ingila da sauran ƙasashe. Ya jera shekaru a layin kwance, ya jera kuɗi a layin tsaye, sannan ya ja layi ɗaya na kayan da ake fitarwa, ɗaya na waɗanda ake shigowa da su. Tazarar da ke tsakanin layukan biyu ita ce riba ko giɓin ciniki, kuma da kallo ɗaya ake gane ta. Da ya zo kan Sikotilan sai ya tarar alƙaluman shekara ɗaya tak gare shi, ba halin jan layi. Wannan rashi ne ya sa ya zana sanduna masu tsawo daban-daban, kowace tana wakiltar ɗaya daga cikin ƙasashe 17 da ake ciniki da su, zanen sanduna kuwa har yau ana amfani da shi. A 1801 ya sake fito da wani littafi inda ya zana ƙasashen Turai a siffar da'ira, girman kowace gwargwadon faɗin ƙasar. Hujjar Playfair ita ce ido ya fi ƙwaƙwalwa saurin kwatanta girma da girma. Bahaushe ma ya riga ya faɗa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Wadda ta nuna cewa zane yana iya juya ra'ayin gwamnati ita ce Florence Nightingale. Ta isa asibitin sojan Ingila da ke Sukutari, a ƙasar Turkiyya, cikin Nuwamba 1854, lokacin yaƙin Kirimiya. Bayan yaƙi ta zauna da masanin ƙididdiga William Farr suka bi lissafin sojan da suka mutu. A 1858 ta fitar da zane mai siffar da'ira da aka yanyanka gida 12, kowane gida wata guda. Shuɗi yana nuna waɗanda cututtukan da ake iya karewa suka kashe, ja yana nuna waɗanda suka mutu saboda rauni, baƙi kuwa sauran dalilai. Shuɗin ya rinjayi jan nesa ba kusa ba, watau ƙazanta da cunkoso sun fi harsashin abokan gaba kisa. Ta rarraba zanen ga manyan gwamnati, ya kuwa taimaka wajen gyaran tsaftar barikoki da asibitocin soja.

Haka nan a bikin baje koli na duniya da aka yi a Faris a 1900, W. E. B. Du Bois da ɗalibansa na Jami'ar Atlanta suka baje zane wajen 60 da suka yi da hannu, suna nuna yawan baƙaƙen fatar Amurka da suka koyi karatu, da gonakin da suka mallaka, da dukiyar da suka tara cikin shekara 35 da kawar da bauta. Martani ne ga masu cewa baƙar fata ba zai iya ci gaba ba.

Sai kuma Otto Neurath, wanda ya buɗe gidan nune-nunen zamantakewa da tattalin arziki a birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1925. Shi burinsa leburan da bai yi zurfi a karatu ba ya fahimci alƙaluma. Tare da Marie Reidemeister, wadda ya aura daga baya, da mai zane Gerd Arntz, suka tsara hanyar da aka sani da Isotype. Ƙa'idarta ita ce ɗan hoton mutum guda ya wakilci adadi sananne, in adadin ya ƙaru sai a ƙara yawan hotunan, kada a ƙara girmansu, domin girma yana ruɗin ido. Wannan hanya ta iso Nijeriya. Cikin shekarun 1950 gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta gayyato Marie Neurath, ta tsara ƙananan littattafai masu hotuna a kan ilmi da lafiya da zaɓe, daidai lokacin da jihar take fara ba da ilmin firamare kyauta a 1955.

4.0 Awon Ci Gaba

Kafin a zana ci gaban ƙasa sai an yarda da mudun da za a auna shi. Mudu na farko da ya karɓu shi ne jimillar arzikin da ƙasa take samarwa a shekara. Simon Kuznets ya gabatar wa majalisar dattawan Amurka lissafin kuɗin shigar ƙasar a 1934, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, ya kuma yi gargaɗi tun a lokacin cewa wannan adadi ba ya nuna jin daɗin jama'a. A 1953 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsari guda na yin wannan lissafi domin a iya kwatanta ƙasa da ƙasa.

A shekarar 1953 ɗin ne aka buga lissafin farko na arzikin Nijeriya, wanda wasu Turawa biyu, A. R. Prest da I. G. Stewart, suka yi a kan shekarar 1950 zuwa 1951. Sun gamu da matsalar da tsarin Turai bai tanadar wa amsa ba. Yaya za a kimanta hatsin da manomi ya noma ya ci da iyalinsa bai kai kasuwa ba? Yaya za a yi da hidimar mace a gidan mijinta? Su dai sun shigar da hidimar matan aure cikin lissafi, har suka yi amfani da kuɗin aure wajen kimanta ta. Da Dokta Pius Okigbo ya sake lissafin na shekarun 1950 zuwa 1957, wanda aka buga a 1962, sai ya bi wata hanya dabam. Wannan ya nuna mana cewa tun kafin a fara tarawa da ɗebewa akwai hukuncin da mai lissafi yake yankewa a kan abin da za a ƙirga da abin da za a bari.

Bankin Duniya ya fara buga rahotonsa na shekara-shekara a kan ci gaban duniya a 1978, da jadawalin ƙasashe a ƙarshensa. A 1990 kuma Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da sabon mudu, wanda Mahbub ul Haq, tsohon ministan kuɗi na Fakistan, ya jagoranci tsara shi da taimakon masani Ba'indiye Amartya Sen. Mudun ya haɗa tsawon rai da ilmi da kuɗin shiga ya mai da su adadi ɗaya tsakanin 0 da 1. Zuwa ƙarshen ƙarni na 20 an tara alƙaluma masu ɗimbin yawa a kan kusan kowace ƙasa, amma suna cikin manyan littattafai da faya-fayan kwamfuta waɗanda sai an biya kuɗi ake samu.

5.0 Shigowar Kwamfuta

Zanen takarda yana da aibi guda, watau tambayar da mai zane ya zaɓa ita kaɗai yake amsawa. In mai kallo yana son ya ga wata ƙasa ko wata shekara dabam, sai ya jira wani ya sake zanawa. Kwamfuta ce ta kawar da wannan shinge. A farkon shekarun 1970 masanin lissafi Ba'amurke John Tukey, tare da Jerome Friedman da Mary Anne Fisherkeller, suka gina wata manhaja mai suna PRIM-9 a wata cibiyar bincike ta Jami'ar Stanford. Da ita mai bincike yana iya jujjuya tarin ɗige-ɗige a kan allo, ya kalle su ta fuskoki daban-daban, ya ware wasu ya ɓoye wasu. A littafinsa na 1977 Tukey ya yi kira ga masana da su riƙa fara kallon alƙaluma suna neman abin da ba su zata ba, kafin su shiga gwada ra'ayin da suka riga suka ƙudurta.

A farkon shekarun 1990 Ben Shneiderman da ɗalibansa na Jami'ar Maryland suka ƙara wani abu mai sauƙi, watau ɗan maɓallin da ake ja dama ko hagu, zane yana sauyawa nan take. Sun gwada shi da taswirar gidajen sayarwa na birnin Washintan. In ka ja maɓallin farashi ƙasa, sai gidaje masu tsada su ɓace daga taswira, masu araha su rage. Ta haka wanda bai san harshen kwamfuta ba ya sami ikon yi wa alƙaluma tambaya da hannunsa. Abin da ya rage shi ne wanda zai ɗora wannan dabara a kan ƙididdigar ƙasashen duniya.

6.0 Hans Rosling da Ƙwallayensa

An haifi Hans Rosling a birnin Upsala na Suwidin a 1948. Daga 1979 zuwa 1981 ya yi aikin likita a gundumar Nakala da ke arewacin Mozambik, inda a wasu lokuta shi kaɗai ne likitan mutum wajen 300,000. A can ya gamu da annobar shanyewar ƙafafu da ake kira konzo, ya shafe shekaru yana bincike a kanta a ƙauyukan Afirka, har aka tabbatar tana da nasaba da cin rogo mai ɗaci wanda ba a jiƙa shi ya tsime sosai ba, musamman lokacin fari da yunwa. Daga baya ya zama farfesan lafiyar al'ummar duniya a Cibiyar Karolinska da ke Istokholm.

A ajinsa ya lura ɗalibansa sun raba duniya gida biyu. A ganinsu akwai ƙasashen Yamma masu ƙananan iyali da tsawon rai, akwai kuma sauran duniya masu yawan 'ya'ya da gajeren rai. Sai ya yi musu gwaji. Ya ba su ƙasashe bibbiyu har kashi 5, ya ce su faɗi wadda yara suka fi mutuwa a cikinta: Siri Lanka ko Turkiyya, Folan ko Koriya ta Kudu, Maleshiya ko Rasha, Fakistan ko Biyetnam, Tailan ko Afirka ta Kudu. Matsakaicin abin da ɗaliban suka ci shi ne 1.8 cikin 5. Rosling ya ce da gwaggon biri aka ba wannan gwaji, yana zaɓe da ka, da ya ci 2.5. Farfesoshin cibiyar ma 2.4 suka ci. Abin da ya fahimta shi ne cewa wanda ya kasa kamo mai canka, akwai wani tsohon sani da yake jan sa zuwa ga kuskure. Hoton duniya na shekarun 1960 ne ya zauna a zukatansu, duniya kuwa ta riga ta sauya.

Ɗansa Ola da matar ɗan, Anna Rosling Rönnlund, su suka gina masa manhajar da aka sa wa suna Trendalyzer, kuma su ukun suka kafa gidauniyar Gapminder a Fabrairu 2005. Ga yadda zanen yake aiki. Kowace ƙasa ƙwallo ce guda. Girman ƙwallo yana nuna yawan jama'a, launinta yana nuna nahiya. Matsayinta a layin kwance yana nuna ma'auni ɗaya, kamar yawan haihuwa ga kowace mace ko kuɗin shiga, matsayinta a layin tsaye kuma yana nuna wani, kamar tsawon rai. Abu na biyar shi ne lokaci, wanda motsi yake nunawa. In aka danna maɓalli sai shekaru su riƙa wucewa, ƙwallaye suna tafiya suna kumbura.

A Fabrairu 2006 Rosling ya nuna wannan zane a taron TED da aka yi a Kalifoniya. Ya fara daga 1962, inda lalle ƙasashe suka rabu gungu biyu kamar yadda ɗalibansa suke zato. Da ya saki shekaru sai ƙwallayen Asiya da Latin Amurka da ƙasashen Larabawa suka yi ta gangarowa wajen ƙarancin haihuwa suna hawa wajen tsawon rai, har zuwa 2003 gungu biyun suka cakuɗe. Ya nuna cewa Biyetnam ta 2003 ta kai inda Amurka take a 1974 wajen tsawon rai da girman iyali. Irin wannan sauyi ya faru a Bangaladash, inda haihuwa ta sauko daga wajen 'ya'ya 7 ga kowace mace a farkon shekarun 1970 zuwa wajen 2 cikin shekara 50. Duk waɗannan alƙaluma suna nan cikin littattafan Majalisar Ɗinkin Duniya tun tuni. Motsin ne ya sa mutane suka gan su.

7.0 Buɗe Rumbunan Alƙaluma

Rosling ya riƙa kuka da cewa kuɗin jama'a ne ake tara alƙaluma da su, sannan a kulle su a sayar. A Maris 2007 kamfanin Google ya sayi Trendalyzer, ya saki irinta kyauta ga masu amfani da intanet. A Afrilu 2010 Bankin Duniya, ƙarƙashin shugabancin Robert Zoellick, ya buɗe rumbun alƙalumansa kyauta ga kowa. A ƙarshen wannan shekara BBC ta nuna wani shiri inda Rosling ya ba da tarihin ƙasashe 200 na shekara 200 cikin minti 4, da alƙaluma 120,000. A 2011 wani masanin tattalin arziki Bajamushe, Max Roser, ya fara aikin da ya zama Our World in Data, mai alaƙa da Jami'ar Oxford, inda kowane zane yake tafe da bayanin tushen alƙalumansa. Lokacin annobar korona, taswirar da Jami'ar Johns Hopkins ta buɗe a Janairu 2020 ta zama abin dubawar gwamnatoci da 'yan jarida kullum, har aka daina sabunta ta a Maris 2023.

Shi kuwa Rosling ya tafi Laberiya a 2014 ya taimaki ma'aikatar lafiya wajen lissafin masu cutar ibola. Ya rasu ranar 7 ga Fabrairu 2017, littafin da ya rubuta tare da ɗansa da surukarsa ya fito a 2018. Amfanin aikinsu a fili yake. Duk mai so yanzu yana iya gani da idonsa cewa yaran da suke mutuwa a duniya kafin su cika shekara 5 sun ragu daga fiye da miliyan 12 a 1990 zuwa ƙasa da miliyan 5 a 2022, ko da yake jama'ar duniya ta ƙaru ƙwarai a tsakanin.

8.0 Kallon Kitse Ga Rogo

To, amma fa ƙwallon da ke tafiya sumul a kan allo ba ta faɗa wa mai kallo yadda aka sami alƙaluman da suke tura ta. Ƙwallon Suwidin mai rajista tun 1749 da ƙwallon ƙasar da ba ta rubuta yawancin haihuwa da mutuwa duk siffarsu ɗaya, santsinsu ɗaya. Bari mu ɗauki ƙwallon Nijeriya mu dube ta ta fuska huɗu.

Na farko, girmanta. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta ba da mutum miliyan 30.4. Ta 1962 an soke ta saboda gardamar jihohi, domin da yawan jama'a ake raba kujerun majalisa da kuɗin tarayya. Ta 1963 ta ba da miliyan 55.6, Firimiyan Jihar Gabas Dokta Michael Okpara ya ƙi amincewa har ya kai ƙara kotu. Ta 1973 ta ba da miliyan 79.8, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da miliyan 88.9, alhali hukumomin duniya suna kirdadon an wuce miliyan 100 da nisa. Ta 2006 ta ba da miliyan 140.4, wadda aka shirya yi a 2023 kuwa ɗage ta aka yi. Ke nan duk adadin da aka ba ƙasar bayan 2006 kirdado ne da aka ɗora a kan ƙidaya mai gardama. Shi ma talaka yana da dalilinsa na gudun mai ƙidaya. A zamanin Turawa ƙirga kawuna haraji yake jawowa, ƙirga shanu kuwa jangali. A Nuwamba 1929 yunƙurin ƙidayar mata da dabbobi a garin Oloko ne ya tayar da boren matan Aba, inda aka kashe mata fiye da 50. Da yake da yawan jama'a ake raba kusan kowane ma'auni, kuskure a nan yana bin sauran duka.

Na biyu, matsayinta a layin arziki. Ranar 6 ga Afrilu 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ƙarƙashin Dokta Yemi Kale, ta sauya shekarar da take gina lissafinta a kai daga 1990 zuwa 2010. Nan take arzikin ƙasar na 2013 ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa biliyan 510, watau ƙarin kashi 89 cikin 100, har Nijeriya ta wuce Afirka ta Kudu a wancan lokaci. Ba wanda aljihunsa ya ƙaru da ko kwabo. Tsohon mudun ne bai san da wayar hannu, wadda ta shigo a 2001, da sana'ar finafinai yadda ya kamata ba. Gana ma ta yi irin wannan gyara a Nuwamba 2010, arzikinta ya ƙaru da fiye da kashi 60 cikin 100. Masanin tarihin tattalin arziki Morten Jerven ya yi nazarin wannan matsala a littafin da ya buga a 2013, inda ya nuna yadda ofisoshin ƙididdiga na Afirka suka rasa kuɗi da ma'aikata tun shekarun 1980.

Na uku, abin da ke cikinta. Ƙwallo guda matsakaici take nunawa, matsakaici kuwa yana ɓoye bambanci. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna yara 132 cikin kowane 1,000 suna mutuwa a Nijeriya kafin shekara 5. Amma a Jihar Ogun adadin 30 ne, a Jihar Kebbi 252. Haihuwa ga kowace mace 5.3 ce a ƙasa baki ɗaya, 3.4 a Legas, 7.3 a Katsina. Rosling kansa yakan fasa ƙwallon ƙasa ya nuna yankunanta in ya sami alƙaluma, amma mai kallon da ya tsaya a kan ƙwallo guda zai tashi da labarin da bai dace da Kebbi ba, bai kuma dace da Ogun ba.

Na huɗu, mafarinta. Zanen Gapminder yana farawa daga 1800, har da ƙwallo mai sunan Nijeriya. A wannan shekara saura shekara 4 a fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sunan Nijeriya sai a 1897 aka ƙago shi, haɗe Kudu da Arewa kuwa sai a 1914. Ba wanda ya auna tsawon ran Bakano ko Babarbare a lokacin. Gidauniyar ba ta ɓoye wannan ba, ta bayyana a takardunta cewa alƙaluman waɗancan shekaru na ƙasashe da yawa kirdado ne, sai dai masu kallon zane sun fi masu karanta takardun yawa. Har ila yau akwai masanan da suka soki Rosling da cewa ya fi zaɓen ma'aunan da suke nuna alheri, bai ba lalacewar muhalli irin wannan muhimmanci ba. Wanda ya zaɓi abin da za a sa a layin kwance da na tsaye ya riga ya zaɓi rabin labarin.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga yadda alƙaluman ƙasa suka fito daga ofishin masu mulki suka shiga zanen Playfair da na Nightingale, suka zama hotunan Neurath na koyar da talaka, har suka kai ga ƙwallayen Rosling waɗanda kowa yake iya turawa gaba ko baya. Ribar wannan tafiya babba ce, domin ɗalibi ko ɗan jarida ko ɗan majalisa yanzu yana iya gwada maganar gwamnati da kansa cikin ɗan lokaci kaɗan.

Abin da ya wajaba a kan mai amfani da waɗannan manhajoji shi ne ya saba da yin wasu tambayoyi kafin ya gaskata idonsa. Wa ya tara waɗannan alƙaluma, kuma a wace shekara? Ƙidaya aka yi gida-gida, ko bincike a kan wasu gidaje da aka zaɓa, ko kuwa kirdado ne aka cike giɓi da shi? In aka fasa adadin ƙasa zuwa jihohi, me zai fito? Manhajoji masu inganci suna ajiye amsoshin nan a ƙarƙashin zane ga mai son dubawa. Wajibin hukuma kuma shi ne ta gyara tushe, watau ta yi ƙidaya duk shekara 10 kamar yadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawara, ta tabbatar ana rajistar haihuwa da mutuwa a kowace gunduma, ta kuma ba ofisoshin ƙididdiga na jihohi kuɗi da ma'aikata. Aikin da limaman Suwidin suka fara a 1749, na rubuta kowane jariri da kowane mamaci, shi ne har yanzu ba mu kammala ba, kuma sai an yi shi ne ƙwallon Nijeriya za ta tsaya a inda ya kamata ta tsaya.